Shekarar da Na Toshe wa Ɗakin Iya Hanci

Ni mai zane ne, da fenti nake ci nake sha. Idan ka shigo Gaya ka ga allon shagon tela ko na mai maganin feshi, ko ka bi bayan wani adaidaita sahu ka ga zaki ya wage baki a jikinsa, to kada ka rantse cewa ba hannuna ba ne. A Kano na yi karatun zane, na dawo gida da takarda da kuma girman kan da ya fi takardar nauyi. Babana ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, ya so in nemi kujera a sakatariya in zauna kusa da shi. Na ce ni dai a'a. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce Allah ya shirya, sannan ya miƙo mini makullin ɗan shagon da ke jikin gidanmu.

A lokacin, abin da nake taƙama da shi hotunan falo ne. In duba waya in samo wani tsauni mai ƙanƙara a ka, da shuɗin tafki a gindinsa, da ɗan gidan katako yana fitar da hayaƙi, in kwafe shi tsaf a kan yadi. Amare suna so, matan ma'aikata suna so. Ni kuwa sai hura hanci nake yi, ina ganin duk gabashin Kano babu na biyuna.

Wata rana na zaɓi wanda ya fi kowanne kyau, na ɗaure a bayan babur, na nufi Toranke a ƙasar Ajingi don in kai wa Iya. Kakata ce ta wajen uwa. Tana zaune a gidan Kawu, wan mahaifiyata, manomi, amma a ɗakinta na ƙasa wanda ta hana kowa ya kusance shi da siminti. Tun ina rarrafe ni ne mijinta, irin wasan nan na jika, kuma a bakinta ba a taɓa yin miji marar amfani kamata ba. Ba cefane, ba atamfar Sallah, sai dai in zo in cinye mata ɗumame in kama gabana.

Ta karɓi hoton, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta kusanto da shi har yana taɓa hancinta.

"Maigida, wane gari ne wannan?"

"Ƙasar Turawa ce, Iya."

"Ka je ne?"

"Ban je ba."

"Kana da wani a can?"

"Ba ni da kowa."

"To wannan farin abin da ke kan dutsen, gishiri ne ko auduga?"

Na ce ƙanƙara ce. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Ka bar gidan ubanka, ka tafi kana zana gidan mutumin da ko sallama ba ta taɓa haɗa ku ba. To an gode, Allah ya yi albarka."

Bayan mako uku na koma, ina shiga gidan na hango tsaunina a jingine a bakin akurki, an tokare shi da dutse. Ƙofar kaji aka yi da shi! Wallahi sai da na ji kaina ya sara. Na ce, "Haba Iya! Kin san kwana nawa na yi a kan abin nan?" Ko a jikinta. Ta ce kajin sun ce a gaishe ni, su ma yanzu sun ga Turai. Kawu yana gyaran fartanya a gindin darbejiya, ya yi ta dariya har da tari.

Na yi fushi na shige ɗakinta na kwanta a tabarma, na juya wa kowa baya. To da ka juya wa mutane baya a ɗakin Iya, bango za ka fuskanta. Bangon nan na san shi tun ban san kaina ba. Duk shekara, idan an gama girbi an zuba gero a rumbu, Iya takan yi wa ɗakinta shafe. Ta fara shafa jar ƙasa ta bari ta bushe, ta bi ta da farar ƙasa mai kauri, sannan tun farar tana ɗanya ta ja yatsunta a kai, sai jan da ke ƙasa ya fito. Ina ganin wannan tun ina yaro kamar yadda nake ganin randa da tabarma, ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Ranar nan, da haushi a cikina, na zuba masa ido na kasa ɗaukewa.

Layi uku ne suke tafiya tare, sun zagaye ɗakin kaf. Su hau, su sauka, su naɗe kansu, su warware, wani wuri su tarwatse su zama 'yan ƙananan sawu, can kuma su sake haɗuwa. Babu rula, babu fensir, amma na bi su da ido tun daga ƙofa har na dawo ƙofa ban ga inda hannun ya yi rawa ba. Na tashi zaune. Na tuna malamanmu suna ta fama da mu a kan yadda ake sarrafa layi, ashe ga malamar a gidanmu tana korar kaji. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya rufe ni, har na manta da fushin da nake yi.

Da ta shigo ɗaukar ludayi na ce, "Iya, wa ya koya miki wannan?"

"Uwata mana. Ita ma tata uwar. Yau ka fara ganinsa?"

"Wallahi yau na fara."

"Ai ka makara, maigida. Wannan shi ne na ƙarshe. Idon ya ƙi, yanar nan ta rufe shi. Wannan ɗin ma rabi da lalube na yi."

Haka ta faɗa, kamar mai cewa gishiri ya ƙare, ta ɗauki ludayinta ta fita. Ni kuwa na hau lissafi. Mahaifiyata ba ta koya ba, ƙannenta ba su koya ba, duk a ɗakin siminti suke. Idan damina ta ci bangon nan, ko wani ya zo ya shafe shi da sunan gyara, shi ke nan, abin da ya bi hannun mata tun daga kakannin Iya ya tsaya a kanmu. Na ɗauki hotonsa da waya, kusurwa kusurwa, amma hankalina bai kwanta ba. Na ƙudura a raina cewa zanen nan ba zai ɓace ba ina raye.

Da bazara ta yi, aka yi haihuwa a Kademi a gidan wata jikarta, Iya ta tafi zaman jego. Na ce yawwa, ga dama ta samu. Na je na sami Kawu na ce ina so in bi zanen da fentin mai, irin mai sheƙin nan da ake yi wa ƙofar ƙarfe, yadda ko shekara nawa zai yi yana nan daram. Kawu ya sosa ƙeya ya ce, "Anya? Ka san halin tsohuwar nan." Na ce ya bar ni da ita, ai matata ce. Ya ce, "To, kai ne ka yi karatun abin."

Galan biyu na kawo, fari da ja. Kwana shida na yi a ɗakin nan cikin zafin da ke narka mutum, ina bin kowane layi da ɗan siririn burushi, ba na ko son yin numfashi mai ƙarfi. Ban kauce ko da faɗin tsinke ba, wannan kam zan iya dafa littafi. Da na gama, ɗakin ya ɗauki ƙyalli, kana iya hango inuwar fuskarka a bango. Na tsaya a tsakiya na riƙe ƙugu ina jinjina wa kaina. Har na tsara yadda za ta rungume ni ta ce yau dai mijinta ya yi abin kai.

Ranar da za ta dawo ni na je Kademi na ɗauko ta a adaidaita. Duk hanya ina ta murmushi, tana tambayata ko budurwa na yi. Muka iso, ta sa ƙafa a bakin ƙofa, sai ta ja ta tsaya tana shinshina.

"Wa ya zubar da kananzir a ɗakina?"

"Shiga dai ki gani, amarya."

Ta shiga, ta miƙa hannu ta shafa bango. Ta sake shafawa. Ta matsa gaba ta shafa wani wurin, ta ƙwanƙwasa da farce. Na ga fuskarta ta sauya.

"Wannan bango ne ko faranti?"

Na hau bayani, baki har kunne. Na ce yanzu zanenta ba zai goge ba har abada, jikokin jikokinta za su gani. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta kira ni da sunana na yanka. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Ta ce, "Ka toshe wa ɗakina hanci. Bangon ƙasa yana shan ruwa yana fitarwa, kamar ni da kai. Ta ina zai fitar yanzu? Kuma idan an yi girbi, a kan wannan santsin za a yi shafe? Wace farar ƙasa ce za ta zauna a nan?"

Ni ma zuciya ta ɗebe ni. Na ce wane shafe kuma, ba ita ta ce ta daina ba? Na ce kwana shida ina gasuwa saboda ita, ko sannu babu. Na ce shi ya sa abubuwanmu suke ɓacewa, don ba ma son a adana. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba na son tunawa. Ita dai ta ja tabarmarta ta fita da ita rumfa. Na hau babur na koma Gaya ina huci, na yi wata biyu ban taka Toranke ba.

Damina ta sauka sosai a shekarar. Wata safiya ina shago sai ga wayar Kawu, tun kafin ya yi magana nake jin dariya a muryarsa. Ya ce, "Malam mai zane, ka zo ka duba ɗakinka, ƙyanda ta fito masa."

Na je na tarar da abin da ya fi ƙyanda. Bangon ya sha ruwa ta waje, ya rasa ta inda zai fitar, fentin duk ya kumbura ya yi ƙuraje, wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar tafin hannu. Ɗakin sai warin ruma yake. Na sa yatsa na taɓa ɗaya, ya fashe, fentin ya saɓule ya faɗo. Na ɗauka na juya bayansa, sai ga farar ƙasar Iya manne a jiki, da sawun yatsunta. Fentin ya kama zanen gam, yana faɗowa yana tahowa da shi. Abin da na ce zan adana har abada, ni na kashe shi cikin damina ɗaya.

Na zauna a ƙasa dirshan. Ba zan ɓoye ba, hawaye na yi, ƙato da ni. Ina nan zaune sai na ji takunta a bayana, ta dafa kaina.

"Maigida, kuka kake yi? Tashi, kada kaji su gani su raina ni."

"Iya, ki yafe mini. Na lalata miki na ƙarshe."

"Yo da ma ai na shafewa ne. Kai dai ka riga lokaci, kuma ka yi shi da wari. Bari ruwa ya ɗauke. Wanda ya ɓata shi zai gyara."

Jin ta ce maigida ya fi mini komai daɗi a ranar. Na ci tuwo kwano biyu.

Da aka gama girbi bango ya bushe, na dawo da tsohuwar wuƙa da guntun fartanya na hau kankara. A nan na ga abin da ban zata ba. Ƙarƙashin shafen bara akwai wani, ƙarƙashinsa akwai wani, fari da ja, fari da ja, sun hau kan juna kamar ɓawon albasa. Inda fentin ya ciro da zurfi, kaurinsu ya kai rabin yatsana. Iya ba ta taɓa kankare na baya ba, a kansa take ɗora sabo. Na ɓallo guntu na kai mata inda take zaune a bakin ƙofa. Ta murza shi, ta kai kusa da ido, ta ce in nemo mata inda akwai shuɗi. Na duba, can ciki kuwa ga wani siririn layi shuɗi.

Ta ce, "Shekarar da aka kai uwarka Gaya ke nan. Bula na zuba a farar ƙasar don 'yan ɗaukar amarya su san ba daga daji suka ɗauko ta ba."

Ta yi ta ba ni labari ina kankara. Akwai shekarar da ta yi shafe ba ta ja ko layi ɗaya ba, shekarar da kakana ya rasu. Akwai wadda ta yi da ciki wata tara, tana gamawa naƙuda ta kama ta, aka haifi Kawu. Kawu ya leƙo ya ce shi ya sa yake son ƙasa. Muka yi ta dariya, ƙura duk ta bi mana gashin ido.

Daga nan aka shiga haɗa kaya. Ta aike ni wani rami a bayan gari na haƙo farar ƙasa, na jiƙa ta kwana biyu, na tace da tsohon ɗankwali. Jar kuwa da makuba ake dama ta, ruwan ɓawon ɗorawa, shi ke sa ta kama bango. Labari ya zaga unguwa cewa jikan Iya mai karatun Kano yana durƙushe yana tace ƙasa. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa aron abin da ba sa buƙata. Wata ta ce, "Sannu da aiki, Hajiya." Wata ta tambaya ko in an gama zan zo in yi mata daka. Na harzuƙa na ce wa Iya ni fa ba na son raini. Ta ce, "Da kake zana zaki a bayan adaidaita ba su raina ka ba sai yanzu? Tace ƙasarka." Na ci gaba da tacewa ina ƙunƙuni.

Na shafa jar ta bushe. Ranar da za a yi farar, na zo da shirina: fensir, rula, zare, ga kuma waya cike da hotunan zanenta. Na ce zan mayar mata da shi yadda yake, layi bisa layi. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta ta gani. Na ba ta, ta haɗa duka ta tura ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai.

"Iya, wayata!"

"Tana nan lafiya. Wa ya ce maka ana maimaita na bara? Na bara ya yi zamaninsa."

"To me zan zana?"

"Abin da shekara ta kawo maka. Kai da kake ta yi wa wancan kuka, ka san me ke cikinsa? 'Yan ƙananan nan sawun zabi ne, don bara zabina sun yi albarka. Mai naɗewar nan igiyar guga ce, don an haƙa mana sabuwar rijiya. Bana kuwa zabin sun watse, rijiya ta zama tsohuwa. In ka mayar da su ka yi ƙarya a bangona."

Na tsaya baki buɗe. Wato duk shekarun nan labari take rubutawa, muna kwana a cikinsa ba mu sani ba.

Ta faɗa mini ƙa'ida. Da yatsu uku ake yi. Daga saman ƙofa ake farawa, a bi ta dama, a zagaye ɗaki, a dawo saman ƙofa layin ya haɗu da mafarinsa. Ana shafa farar daidai inda hannu zai kai, a ja tun tana ɗanya, a matsa gaba. Ba a komawa baya gyara, don kafin ka waiwaya ta bushe.

Na ce wannan ai wasa ne. Ranar farko ban kai rabin bango ba na tsaya tunanin abin da zan sa, ƙasa ta bushe a gabana, yatsuna suka riƙa karce ta kamar kaza. Aka jiƙa aka goge. Rana ta biyu na yi sauri, abin ya fito kamar an saki akuya a kan ɗanyen daɓe. Iya ta shafa ta ce ko makaho ba zai karɓi wannan ba, kuma ita shaida ce. Na yi jifa da ƙwarya na fita. Na zagaya bayan gida, na tsaya ina kallon gonar Kawu da aka girbe, kunya-kunya sun miƙe har gindin kuka. Na daɗe a wurin. Sannan na dawo na ɗauki ƙwaryata.

Rana ta uku na fara da hantsi. Na yi bisimilla, na tsoma hannu a farar ƙasa, sanyinta ya ratsa ni har kafaɗa. Na ja yatsu uku daga saman ƙofa, na ce to, bari in bi hanyar da na fi sani, wadda ta taso daga Gaya zuwa nan. Na sa ta tana lanƙwasa yadda take lanƙwasa. Na sa ƙafafun adaidaita suna mirginawa a gefenta. Da na zo inda wani rami ya taɓa kayar da ni da babur ina ɗauke da saƙon manjan Iya, na nutsar da layin na fito da shi. A dogon bangon da ke fuskantar ƙofa na jera kunyoyin Kawu, na tsayar da zangarniyar gero a kansu. A bangon gadonta kuwa na ce ai shekarar nan ba abin da ta kawo mini kamar abin kunya, sai na bi shi da ƙuraje, manya da ƙanana, na zagaye kowanne da yatsa.

Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba. Babu abin kallo a gabana, babu mai cewa bai yi kama ba. Hannu yana tafiya, ni ina bin sa. Can na ji Iya daga bakin ƙofa tana cewa, "Au, har da waƙa?" Ashe waƙa nake yi ban sani ba. Ƙasa ta ɓata mini riga, ta shiga mini kunne, gumi yana zuba, ni dai sai gaba.

Wajen la'asar na zagayo na iso ƙofa ta hagu. Na ɗaga kai don in haɗa, sai na ga matsala. Layina ya iso sama da inda ya fara, kuma tsakaninsu akwai tazarar da ta kai taƙi guda. Tun daga bangon gado nake hawa kaɗan-kaɗan ban lura ba. In na ja shi kai tsaye zai karye, kowa ya shigo abin da zai fara gani ke nan. Farar kuma ta soma shan iska. Na ce, "Innalillahi! Iya, bai haɗu ba. Kawo ruwa in goge, gobe in sake."

"Kada ka taɓa. Kama ni in tashi."

Na kama ta. Ta fara daga dama, ta ɗora tafin hannu a bango tana bi a hankali, hancinta kusa da ƙasar. Ni kuwa ina bin ta a baya, ko ranar jarrabawar fita ban ji tsoro haka ba. Ta bi hanya, ta tsaya a ramin ta ce, "Nan ne ka zubar mini da manja?" Na ce nan ne. Ta shafa kunyoyin ta ce Kawu bai taɓa yin noma mai kyan wannan ba. Da ta iso kan ƙurajen ta lalube su ɗaya bayan ɗaya, sai ta fashe da dariya, ta dafa gado tana yi har da hawaye.

"Ɗan banza! A kan gadona ka sa su, don in riƙa kwana ina tunawa?"

Ta iso ƙofa. Ta ce in kifa mata turmi. Na ce haba Iya, za ki faɗi. Ta ce to amfanina me ne ne. Na kifa turmin, na ɗaga ta na ɗora, na riƙe ta gam, ba ta fi nauyin damin gero ba. Ta lalubi ƙarshen layina da hannun hagu, ta lalubi mafarinsa, ta auna tsakaninsu. Ta ce in miƙo ƙwarya. Ta ɗebi farar ƙasa ta shafe wurin, ta kafa yatsu uku a inda na tsaya, ta ja su ƙasa, ta naɗe su sau ɗaya, ta sauke su daidai kan mafarin. Ko numfashi biyu ba a yi ba. Kai ka ce da ma can haka aka shirya za a yi.

Ta ce, "Ba wanda na farkonsa yake haɗuwa. Nawa ma bai haɗu ba, ina tsaye ina kuka uwata ta hau ta rufe mini. Na ɗauka ni ba zan sami wanda zan rufe wa ba." Ta goge hannunta a kafaɗar rigata. "To sauke ni, ƙafata ta gaji."

Na sauke ta. Ita kuwa tuni ta leƙa tsakar gida tana ƙwala wa maƙwabta kira, wai duk wadda ta yi wa jikanta dariya ta zo ta gani da idonta.

Shekara guda zanen nan ya yi a bango. Duk zuwan da na yi sai na tsaya a ƙofa na ɗaga kai, ina neman inda hannuna ya ƙare nata ya soma, ban taɓa ganowa ba. Da aka sake girbi na dama jar ƙasa na shafe ɗakin duka, na bar saman ƙofa a ƙarshe. Na daɗe a tsaye da ƙwarya a hannu, don na san yatsunta ba za su sake hawa bango ba. Iya tana zaune a rumfa, ba ta ganina amma ta ji shirun ya yi yawa. Ta ɗaga murya ta ce in yi sauri kafin ƙasar ta bushe mini a hannu. Na yi bisimilla na shafe.